Polymarket: in kallo ne bismilla, in kuɗi ne riƙe abinka

Assalamu alaikum jama'a. Bari in fara da hukuncina kafin dogon surutu don na san akwai masu karanta layi uku su gudu. In kallo kawai za ka yi, Polymarket, shafin intanet da ake sa kuɗi a kan hasashen abinda zai faru a duniya, na ba shi tauraro 4 cikin 5, in kuma kuɗi za ka zuba to ko rabin tauraro bai samu ba a wajena, kuma ba maganar haramcin caca kaɗai nake ba duk da ita ma tana nan daram, akwai wata matsala daban wadda ko wanda ba ruwanshi da halal da haram ya kamata ya tsaya ya duba.

Ni gyaran waya nake a Alabar nan Kumasi, to kun san mu masu gyara mu ke fara ganin abinda yara ke yayi, ko ba ka so sai idonka ya faɗa kan sikirin. Da can manhajojin bet na ƙwallo ne cike da wayoyin yaran Aboabo da Asawase da Sabon Zango, yanzu kuma an samu wasu 'yan boko a cikinsu masu cewa su fa sun wuce bet, su tireda ne, siyasar duniya suke saye da sayarwa. Shi ya sa na zauna na bi abun da kaina, ban buɗe asusu ba ban sa ko pesewa ba, kallo dai da karatu.

Ga yadda yake aiki ga wanda bai sani ba. Za ka ga tambaya wadda amsarta e ko a'a, misali wane zai ci zaɓe, ko babban bankin Amurka zai rage kuɗin ruwa a zaman shi na gaba, ko ƙasa kaza za ta kai ma ƙasa kaza hari kafin ƙarshen wata. Kowace amsa tana da farashi tsakanin santi 1 zuwa santi 99. In ka sayi "e" a santi 30 abun ya faru, za a ba ka dala 1 cif, in bai faru ba santi 30 ɗinka sun tafi. Shi kuma farashin nan shi ake karantawa a matsayin kaso, wato santi 30 na nufin 'yan kasuwar na ganin kashi 30 cikin 100 ne abun zai faru. Kuma ba dole sai ka jira ƙarshe ba, in farashi ya tashi zuwa 55 kana iya sayarwa ka ɗau ribarka ka fita. Wannan ne ke ruɗin yara suna ganin kamar kasuwanci ne. Wani yaro mai suna Shayne Coplan ne ya kafa shi a New York a 2020, da kuɗin kirifto mai darajar dala ake harkar, irin su USDC. Akwai kishiyar shi Kalshi, ita tun 2018, ita kuma da lasisin hukumar CFTC ta Amurka mai sa ido kan irin waɗannan kasuwanni take aiki da dala ta gaske.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu: a nan ba da kamfani kake karawa ba kamar bet na ƙwallo. Duk "e" ɗin da ka saya akwai wani mutum a wani wuri da ya sayi "a'a", kuɗinka in ya tafi aljihun shi ya shiga. Za mu dawo kan wanene wannan mutumin.

Abinda ya burge ni kam akwai shi, ba zan yi masu rowar yabo ba. Shafin na buɗewa ba tare da ka yi rajista ba, ba ya cika ka da talla mai tsalle-tsalle irin na shafukan bet, kuma kowace tambaya akwai zanen layi da ke nuna yadda farashi ya hau ya sauka awa bayan awa, sai ka ga daidai lokacin da labari ya fashe layin ya miƙe kamar an tsikare shi. Mu da muka tashi da sauraron BBC Hausa da DW da Muryar Amurka a rediyon baba, muna jiran ƙarfe kaza ta yi kafin mu ji me duniya ke ciki, wannan wani abu ne daban wlh. Daren zaɓen Amurka na Nuwamba 2024 gidajen talabijin na ta jan rai suna cewa a dakata a dakata, shi kuwa shafin tun tsakar dare ya karkata wajen Trump, kuma an juya sama da dala biliyan 3 a kan wannan tambayar kaɗai. Wani Bafaranshe ma shi kaɗai ya kwashi gomman miliyoyin dala a kan Trump, har hukumar caca ta Faransa ta tashi tsaye aka toshe ma 'yan ƙasar yin caca a shafin. Sannan abu mafi kyau a ganina, ba a ɓoye ciniki: kana iya danna kowane asusu ka ga me ya saya, nawa, yaushe, ya ci ko ya faɗi. Sunan mutum ne kawai ba ka gani, sai laƙabi da wasu dogayen lambobi.

To wannan buɗaɗɗen littafin nasu shi ne ya tona abinda ya sa na ce ku riƙe kuɗinku.

Ranar 3 ga Janairu 2026 sojojin Amurka suka shiga Karakas suka ɗauke shugaban Venezuela Nicolás Maduro. Kafin nan tambayar ko Maduro zai bar mulki kafin ƙarshen Janairu farashinta bai kai santi 10 ba, wato kusan kowa na ganin ba zai yiwu ba. Sai ga wani sabon asusu da aka buɗe a ƙarshen Disamba, ba ruwan shi da ƙwallo ba ruwan shi da farashin bitcoin, Venezuela kawai ya sa a gaba, ya zuba wajen dala dubu 30 da 'yan kai, mafi yawa awanni kaɗan kafin jirage su tashi, gari na wayewa ya fita da ribar sama da dala dubu 400. Ku lissafa da kuɗinmu, ya haura sidi miliyan 4, su Hajiya masu lissafi da tsohon kuɗi kuma biliyan 40 da wani abu ke nan a dare ɗaya. Yanzu tambayar da nake ma yaran nan ita ce, dala dubu 400 ɗin nan daga sama ta faɗo? Daga aljihun waɗanda suka sayi "a'a" ta fito mana, mutanen da suka karanta jarida suka yi nazari suka ce ai ba yadda za a yi a sace shugaban ƙasa cikin wata ɗaya, kuma nazarin nasu ba shirme ba ne, kawai dai wanda suke karawa da shi kamar ba nazari yake ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Oktoba 2025, daren da za a wayi gari a sanar da kyautar zaman lafiya ta Nobel, sunan María Corina Machado na can ƙasa bai kai kashi 5 ba, cikin 'yan awanni ya haura kashi 70, da rana aka sanar ita ce. Kwamitin da mutum 5 ne kacal ke yanke hukunci a asirce a Oslo fa, sai da cibiyar Nobel ɗin da kanta ta ce za ta binciki ko labari ya zurare. A Isra'ila kuma a Fabrairu 2026 an gurfanar da wani sojan ko-ta-kwana da wani farar hula kan zargin amfani da bayanan sirri na soja suna caca a kan hare-hare. Wanda ya fi ba ni dariya mai ciwo shi ne na shugaban kamfanin Coinbase, Brian Armstrong, a ƙarshen Oktoba 2025 yana taron bayanin ribar kamfani, ya ga mutane sun sa kuɗi a kan wace kalma zai furta wace ba zai furta ba, sai a ƙarshen jawabi ya ce bari ya ƙara wasu kalmomi, ya jero su ɗaya bayan ɗaya, bitcoin, ethereum da sauransu, yana raha. Shi wasa yake, amma ya nuna ma kowa abun a fili: akwai tambayoyin da mutum ɗaya ne ke riƙe da amsarsu a bakin shi.

Wannan ya kawo mu kan 'yan siyasa, don su ne suka fi kowa riƙe amsoshi a baki. Wa ya san ranar da za a rusa majalisar ministoci kafin kowa? Wa ya san ko kudiri zai wuce ko za a kwantar da shi a kwamiti? Wa ke zama a ɗakin da ake karanta rahoton tsaro? A Ingila an ga misali ƙarara a 2024. Craig Williams ɗan majalisa ne kuma na hannun daman firaminista Rishi Sunak, ya je ya sa fam 100 a kamfanin bet cewa a watan Yuli za a yi zaɓe, kwana 3 bayan nan ranar 22 ga Mayu Sunak ya fito cikin ruwan sama ya ce zaɓe 4 ga Yuli. Fam 500 fa kacal zai ci. Jam'iyya ta janye goyon baya, kujera ta tafi, a Afrilu 2025 kuma hukumar caca ta ƙasar ta tuhumi mutum 15 har da shi. Ni abinda na ɗauka a wannan labarin shi ne, in ɗan majalisa mai albashi mai kauri zai iya kasadar mutuncin shi kan fam 500 a inda ake rubuta sunan shi na gaskiya, to me kuke zato zai faru a inda ake maganar dala dubu ɗaruruwa kuma sunanka wasu lambobi ne?

Bayan abun Maduro wani ɗan majalisar wakilai daga New York, Ritchie Torres, ya gabatar da kudiri a Janairu 2026 na hana zaɓaɓɓu da waɗanda aka naɗa da ma'aikatan gwamnatin tarayya yin ciniki a irin waɗannan kasuwanni kan harkar gwamnati in suna da bayanin da jama'a ba su da shi. Ni ina bayan shi ɗari bisa ɗari, sai dai a ganina ma bai kai ba, kamata ya yi a ce ba ka da izinin taɓawa kwata-kwata muddin kana kan kujera, kai da matarka da 'ya'yanka da direbanka, ba sai an tsaya ana jayayya ko ka sani ko ba ka sani ba. Dalilina kuwa Amurkan ta riga ta gwada rabin doka ta ga yadda ta ƙare. Tun 2012 Obama ya sa hannu a dokar STOCK wadda ta ce 'yan majalisa ba za su yi cinikin hannun jari da sirrin ofis ba, kuma su bayyana cinikinsu cikin kwana 45. Tarar wanda ya makara? Dala 200. Kuɗin cajin waya ke nan a wajensu. Sanata Richard Burr yana shugaban kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawa, ranar 13 ga Fabrairu 2020 ya sayar da hannun jarin da ƙimarsu za ta iya kai dala miliyan 1.7, 'yan kwanaki kafin korona ta rugurguza kasuwa, aka yi bincike aka rufe ba tuhuma. Chris Collins shi an kama shi dumu-dumu ya amsa laifi aka yanke mai wata 26, Disamba 2020 Trump ya yi mai afuwa. Wannan a kasuwar hannun jari ke nan mai shekara sama da 200 da 'yan sandanta da komai. Ita kuwa wannan sabuwar kasuwa, ɗan shugaban ƙasa Donald Trump Jr. mai ba da shawara ne a Kalshi tun Janairu 2025, kuma a Agusta 2025 ya shiga kwamitin masu ba Polymarket shawara bayan kamfanin jarin da yake ciki ya sa kuɗi. Ban ce ya yi wani abu ba fa kar a ja min, amma dai ku auna da kanku, hukumar da za ta sa masu ido a ƙarƙashin gwamnatin baban shi take.

Akwai masu kare abun, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce gaba ɗaya. Cewa suke ai amfanin kasuwar ke nan, wanda ya sani ya zo ya sa kuɗi farashi ya motsa, mu sauran jama'a mu samu gaskiya da wuri kyauta. E haka ne, ni ɗan kallo na amfana, shi ya sa ma na ba da tauraro 4. Amma wa ya biya kuɗin wannan gaskiyar? Yaron da ya sayi ɗaya ɓangaren. Kuma a kan ɗan siyasa hujjar rushewa take gaba ɗaya, don shi ba sanin abinda zai faru kawai yake ba, shi ke sa abun ya faru. Minista ya sayi "e" a kan za a ɗage wani abu, gobe ya shiga ofis ya ɗage, to wannan hasashe ne ko aikin hannu?

Mu mutanen Asante ai ba sai an yi mana dogon turanci ba, mun gani da idonmu a Obuasi. Yuli 2021, wasan ƙarshe na kaka, Ashantigold da Inter Allies, aka tashi 7 da nema, biyu daga ciki ɗan bayan Inter Allies Hashmin Musah ne ya juya ya zura a ragar su da gangan kowa na kallo, daga baya ya fito ya ce ya ji an riga an shirya za a tashi 5 da 1 don masu bet, shi kuma ya ce wallahi sai ya ɓata lissafin. A 2022 hukumar ƙwallo ta GFA ta jefa kulob ɗin biyu rukuni na ƙasa. Duk yaron da ya sa sidi 20 ɗin shi a wasan nan yana duba wa ke kan ganiya wa ya ji rauni, ai wahalar banza ya sha, an gama wasa a otal tun kafin a busa usur.

Na kai maganar wajen malaminmu bayan sallar isha'i, don wani ƙanina ya dage wai wannan ba caca ba ce tunda ilimi ake sawa. Malam bai ko ja da tsawo ba a kan wannan, ya ce kai yaro kuɗi ka sa, wani ya sa, abu ya faru ɗaya ya kwashe na ɗaya ba wanda ya sayi kaya ba wanda ya yi aiki, in ba maisir ba ne wannan to menene, je ka karanta aya ta 90 a Ma'ida. Amma da na ba shi labarin Maduro da na ɗan majalisar Ingila sai ya gyara zama, ya ce ai ko a halastaccen ciniki Annabi SAW ya hana a fita bayan gari a tari ayari a saye kayansu kafin su iso kasuwa su ji farashi. Ya ce kakanninmu da suka yi fataucin goro ta Salaga zuwa ƙasar Hausa sun san wannan hukuncin sarai, don wanda ya kwana a gari ya san abinda goro ke yi yau, wanda ya kwana 40 a hanya bai sani ba, in ka tare shi a daji ka saye da arha ba wayo ka yi ba, zalunci ne ko da ya ce ya yarda. Ya ce to ina ga wanda jama'a suka zaɓa suka ba amanar sirrinsu, ya juya ya tare su da shi a hanya. Ƙanin nawa dai shiru ya yi, ban ce ya gamsu ba.

Yanzu mu dawo gida Gana, don kar mu zauna muna ta gulmar Amurka. A ce gobe an buɗe tambaya mai kuɗi sosai kan ko Bankin Gana zai rage kuɗin ruwa, ko nawa gwamnati za ta sa farashin buhun koko, ko wane minista za a sauke, me zai hana na ciki ya ci da mu? Ku tuna 2025, a Afrilu dala na wajen sidi 15 da rabi, kafin Yuni ta dawo 10 da 'yan kai, mutane nawa a Alabar da Adum da suka ɓoye dala a ƙarƙashin katifa suka yi kuka? Mu masu sayo sikirin da batir da dala mun ji a jikinmu, kayan da ka saya da tsada dole ka karyar. A irin wannan juyi duk wanda ya riga kowa sani da sati ɗaya ya gama da talauci. Ko Disamba 2022 da aka sanar da sauya bashin cikin gida bayan an ce ba za a yi ma kowa aski ba, wato ba za a rage kuɗin waɗanda ke bin gwamnati bashi ba, har 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi a Ankara. Ban ce wani ya yi wani abu ba a duka biyun, cewa nake ko an yi ba mu da tagar da za mu leƙa.

Don dokarmu a takarda tana da kyau. Sashe na 284 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce jami'in gwamnati kar ya sa kan shi inda son ran shi zai ci karo da aikin shi. Sashe na 286 da doka mai lamba 550 ta 1998 sun ce ya bayyana kadarorin shi ga babban mai binciken kuɗi, lokacin shiga da duk shekara 4 da lokacin fita. Amma a rufe ake miƙawa, ni da kai ba mu da ikon gani sai in kotu ko kwamitin bincike ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ sun nema. Ko ba komai Ba'amurke na iya shiga intanet ya ga sanatan shi ya sayi kaza ranar kaza ya yi mai tsiya, mu ko wannan ba mu da shi. Mahama ya ƙaddamar da ƙa'idojin ɗa'a ga waɗanda ya naɗa a Mayu 2025, ya hana su sayen kadarorin gwamnati, ya ce kyautar da ta wuce sidi dubu 20 a bayyana, waɗanda suka makara da takardar kadarori ya ce a yanke masu albashin wata 3, madalla, amma wannan umarnin shugaba ne ga mutanen shi, wani na zuwa yana iya ajiye shi a durowa. Kudirin ɗa'ar jami'an gwamnati kuwa tun muna samari ake kai shi majalisa ana dawowa da shi. Hukumar caca ta ƙasa da dokar 2006 take aiki, lokacin da ko momo, wato tura kuɗi ta waya, babu balle walat ɗin kirifto, kuma a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida take, wadda a 2025 aka ba ɗan majalisarmu na Asawase Alhaji Muntaka. To 'yan Asawase in an zo taron gari ga tambaya nan ku riƙe mai, ba wai kullum kwata da fitilar titi ba. An cire harajin kashi 10 na cin bet a Afrilu 2025 yara suka yi ta murna, to a haɗa mana da layi ɗaya a doka: wanda ke kan kujerar jama'a ba ya caca a kan aikin gwamnati, a gida ko a waje, da sunan shi ko da na ƙanin matar shi.

Sauran abubuwan da suka rage mai maki a wajena a taƙaice. Wa ke yanke hukunci in an yi gardama? Ba alƙali ba ne, masu riƙe da wani kuɗin kirifto mai suna UMA ne ke ƙuri'a, mai yawa shi ke da babbar murya. An ga haka a 2025 kan tambayar ko Zelensky zai sa kwat kafin Yuli, ya je taron NATO a Hague da baƙar riga mai kama da kwat, jaridu da yawa suka ce kwat ce, aka juya sama da dala miliyan 100 a kai, ƙarshe hukunci ya fito "a'a", waɗanda suka sayi "e" suka yi ta ihu ba wanda ya saurare su. Kuma kowace tambaya akwai ƙananan sharuɗɗa a ƙasa da turancin lauyoyi, kalma ɗaya na iya juya komai, yaron da ke fama da turancin ƙaramar sakandare me zai gane? Tarihinsu da hukuma ma hawa da sauka ne, a Janairu 2022 CFTC ta ci su tarar dala miliyan 1.4 suka rufe ƙofa ga 'yan Amurka, Nuwamba 2024 FBI ta kai samame gidan Coplan ta ɗauke wayar shi, 2025 aka rufe binciken, a Oktoba kuma kamfanin da ya mallaki kasuwar hannun jari ta New York ya ce zai zuba har dala biliyan 2. Singapo da Beljiyam da Poland duk sun toshe shi.

Sai hanyar kuɗin, wadda ita ma wani ramin ce. Yaro zai tura momo ga wani baƙo a intanet ya sayi kirifto, ya tura walat, ya tura shafin, kowane mataki ana gutsura, in ya kuskure harafi ɗaya a adireshi ko ya zaɓi layin da ba shi ba kuɗi sun bi iska ba ofishin da zai je ya yi kuka. Ga kuma 'yan damfara da suka taso a gefe. Wani ɗan maƙwabcinmu ya biya sidi 300 ya shiga wani guruf na Telegram wai mai guruf ɗin na da mutum a fadar White House, yana ba da sirri kafin ya fito. Na ce mai massa, wanda ke da mutum a White House me zai yi da sidi 300 ɗinka? Bayan sati biyu guruf ya ɓace da mai shi da sirrin. Wannan ba laifin shafin ba ne, amma kun ga har ɓarayi sun gane cewa a wannan kasuwa sirri ne kaya.

In za ku yi kallo irin nawa ga shawara ɗaya mai amfani: kafin ka yarda da kowane kaso duba nawa aka juya a tambayar, yana rubuce a jiki. Manyan tambayoyin Amurka da Turai masu miliyoyin dala su ne ke da ɗan nauyi. Na Afirka galibi kuɗin cikinsu kaɗan ne, mutum ɗaya da dala dubu biyu uku na iya tura farashi daga 40 zuwa 70 cikin minti goma ya ɗau sikirinshot ya saki. Ina faɗa ne tun yanzu saboda zaɓen 2028 na tafe, kuma na san halin guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, za ku ga an turo hoton wai "kasuwar duniya ta ce ɗan takararmu na da kashi 80", 'yan jam'iyyar NDC za su yi 'yan NPP za su yi. In an turo maka ka buɗe shafin da kanka ka duba kuɗin da ke ciki, ka danna ka ga asusu nawa ne suka tura shi sama da kuma ranar da aka buɗe su.